Kar Ka Kashe Kwamfutar Nan

Shafi na 27

Masu goyon bayan Labaran da masu goyon bayan Aina'u, na ga faɗanku a ƙasan shafin jiya. Ku ɗan saurara tukuna.

*

Aina'u ba ta gama ɗaura hular aiki ba aka ce Madam Ladidi na nemanta a sama.

Ta bar layin kwali yana gudu, ta roƙi ta kusa da ita ta tsare mata wurin, ta hau matakala bibbiyu. Shekaru ke nan tana tsaye a wannan layi na kamfanin lemo da ke Sharada, tana jera kwalabe a kwali, har bayanta ya saba fara ciwo tun kafin la'asar. Madam Ladidi, shugabar sashen talla, ita ce ta taɓa tsintar zanen da take yi a bayan kwali lokacin hutu, ta ce ta gwada zana lebul ɗin sabon lemon tsamiya. In ya shiga injin bugawa, za a ɗauke ta daga layi a ba ta kujera a sama. In bai shiga ba, akwai kamfanin zane da ke jiran kira, kuma ba za a sake tayar da maganar ba.

Gobe ne ranar miƙawa. Haka aka yi da ita.

Madam ba ta ce ta zauna ba. Waya a maƙale a kafaɗa, makullin mota a hannu, ta gaya mata masu bugawa na Bompai sun kira: yau kaɗai za su tayar da janareta, wanda bai kai aikinsa kafin su tashi ba sai wani makon. Mai kamfani kuwa ba zai jira wani makon ba, kwalaben sun riga sun iso suna jibge a sito.

"Kin gama?"

"Na gama, Madam. Da safen nan na sa launin ƙarshe."

"Yana ina?"

"Yana gida, a kwamfuta."

Madam ta ce ta riga ta yi wa shugaban layi magana. Ta biya wajen Daniel ya faɗa mata irin fayil ɗin da masu bugawa ke karɓa, daga nan ta wuce gida ta ɗauko. Kafin Aina'u ta yi godiya har ta koma kan wayarta.

Daniel ɗan Jos ne, shi ke kula da kwamfutocin kamfanin, ɗakinsa ɗan kurɗi ne a ƙarƙashin matakala. Ta same shi yana cin gurasa a kan wata matacciyar firinta. Ya tura mata kujera da ƙafa, ya tambaye ta da me ta yi zanen.

A tsaye ta ba shi labari, da sauri. Kwamfutar gidansu tsohuwa ce. Windows ɗin da ke kanta an daina ba ta kariya, sabuwar kuma ta ƙi hawa. Ana cikin haka mijinta Labaran ya ɗora wani wasan sata da ya samo a kasuwa, ya shigo musu da cuta, kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya. Abokin aikinsa Habila ne ya ce su koma Linux, kyauta ce kuma halal, ya zuba musu iri biyu a filashi su zaɓa. Tun daga ranar gidan bai zauna ba. Ita tana son Mint saboda aikinta. Shi yana son Bazzite saboda wasanni. Faifan kwamfutar ƙarami ne, ba zai ɗauki biyun ba har da wasanninsa. Da faɗan ya ishe su suka yi sulhu a kan a ba ta kwanaki ta gwada tata, in sun cika a yanke.

Daniel ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce faɗan banza suke yi. Yawancin wasan da Labaran zai buga a waccan zai buga shi a wannan in ya ɗora manhajar wasanni ta Steam, zanenta ma zai yi a tasa lafiya lau. Wasannin da ke zuwa da ɗan sandan hana maguɗi kuwa, wasunsu ba za su tashi a kowacce ba, ko ya yi kuka.

Sai dariyar ta tsaya masa a rabi. Ya ajiye gurasar.

"Tsaya, Anti. Kun ɗora ta a kan kwamfutar, ko daga filashi take tashi?"

"Daga filashi. Ai ba mu yanke ba tukuna."

"Zanen fa, ina kika ajiye shi?"

"A fuskar kwamfutar. Na danna ajiyewa, na ga sunansa ya fito."

"Ba ki kwafa a wani wuri ba? Ko ki tura wa kanki?"

"Na ce gobe da safe zan kwafa. Me ya faru?"

"Kin kashe ta da za ki fito?"

Ta girgiza kai. Tun shekaranjiya ba a kashe ta ba, batirin sola ke riƙe da ita. Yau ma mai adaidaita na ta yi mata oda, fuskar kawai ta kashe ta fito.

Daniel ya sauke numfashi, ya goge hannunsa a wando. Ya ce ta saurare shi da kyau. Abin da ke tashi daga filashi na gwaji ne, ba ya rubuta komai a faifai. Duk abin da ta ajiye yana rataye ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kamar rubutun alli a allo. Muddin wuta na jikinta yana nan. Aka kashe ta ko aka sake tayar da ita, an goge allon.

"An goge kamar yaya?"

"Kamar ba ki taɓa zana shi ba."



Da asuba, Labaran na ɗaura igiyar takalmi zai tafi kamfanin fata na Challawa, ya faɗi wata magana ba tare da ya kalle ta ba. Ya ce yau kwanakinta sun cika, in ya dawo zai kawo ƙarshen zancen nan. Ita kuma ta ce masa ya gwada ya gani. Aikin safe yake yi. Yanzu haka lokacin tashinsu ne.

Ta kira shi. A kashe.

Ta sake kira. A kashe.

Ta san dalili. A kamfaninsu ana kashe waya a bar ta a get, shi kuma Labaran ba ya tunawa da kunna tasa sai ya ci abinci ya miƙe ƙafa.

Daniel ya jawo durowa ya miƙo mata filashi wanda babu komai a ciki. Ya ce in ta isa kar ta taɓa komai, ta kira shi kawai. Ko hular aikin ba ta cire ba ta fita.

*

Bakin get ya cika maƙil. Masu aikin safe na fitowa, masu aikin yamma na kutsawa, masu awara da kunun aya sun tare rabin hanya. Adaidaita na farko ya ce Sabon Gari ya nufa. Na biyu ya ce sai ya cika. Ta ce ya tafi za ta ɗauki kujerun duka. Ya kalle ta, ya kalli hular, ya ja.

Ba su yi nisa ba suka tarar da tirela tana ƙoƙarin shiga get ɗin wani kamfani da baya. Ta shiga rabi ta fito. Ta sake shiga ta fito. Yaron motar na ta buga mata gefe yana ɗaga hannu, titi ya tsaya cak har inda ido ya kai.

Aina'u ta kira maƙwabciyarta Sauda, ta je ta tsaya a ƙofar ɗaki ta hana Labaran taɓa kwamfuta. Sauda ta ce tana asibiti wajen awo tun hantsi, layi ko motsi ba ya yi, me ya faru, lafiya dai? Aina'u ta kashe ba tare da ta amsa ba.

Ta tura masa saƙo: Kar ka kashe kwamfutar nan. Kar ka taɓa ta. Ina hanya.

Saƙon ya tafi ya tsaya, bai shiga ba.

Ta sauka ta sallami mai adaidaita, ta ratsa ta gefen kwata, ta wuce tirelar da ƙafa, ta tari wani a gaba. Wannan kuma tsoho ne mai tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Ta ce Baba a ƙara wuta. Ya ce 'yar nan, ita ma motar tana da iyali.

Ta jingina, ta kasa jinginar, ta miƙe zaune.

Abin da ke ci mata rai shi ne ba ta taɓa ganin Labaran ya kafe a kan abu haka ba. Mutumin da ko tashar talabijin ba ya jayayya a kai. Ita dai ta faɗa masa abin da ta gani: ta buɗe Mint ta tarar da komai inda ta saba ganinsa, tsohuwar firintarsu ta amsa ba tare da lallashi ba, manhajar zane ta sauko da datar wayarta. Shi kuwa tun da ya je ɗakin Habila ya ga an soka hannun wasa ya kama nan take, wasanni jere a fuska kamar kayan kanti, ya dawo ba ya jin kira. Ya ce tasa ba ta lalacewa ko yara sun yi ta dannawa. Ta ce waɗanne yaran, 'yarsu Nafisa da ko karatun sallah ba ta gama iyawa ba? Ta ce magidanci da gemu yana faɗa da matarsa a kan wasan yara. Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai bayan isha'i.

A titin Panshekara ta sake kira. A kashe.

Ta fara lissafa abin da ke cikin zanen nan, ta kasa dainawa. Ɓawon tsamiyar da ta yi ta gyarawa har ya fito kamar a ɓare shi. Launin ƙasa-ƙasa da ta sha wahala kafin ya daina kama da laka. Rubutun sunan da ta lanƙwasa harafi bayan harafi. Ta tuna ƙarar layin kwali, ta ji bayanta ya amsa.

Da suka shigo unguwarsu Zawaciki ba ta jira ya tsaya sosai ba.

Babur ɗin Labaran na jingine a ƙofar gida. Ta dafa shi za ta wuce, ta ji injin da sanyi.

*

Teburin kwamfutar yana kusurwar falo, bayanta ne ke kallon ƙofa. Abin da Aina'u ta fara gani shi ne fuskar mijinta da haske a kanta, hannunsa a kan maus, filashi a soke yana ƙifta ja.

"Labaran. Ɗauke hannunka."

Ya ɗago. Tun aurensu ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba, Abban Nafisa take cewa ko da suna faɗa.

"Yau kuma ni ne Labaran?"

"Ka ɗauke hannunka na ce."

Ya ɗauke. Ya ɗora hannuwan biyu a cinya.

"Me kake yi mata?"

"Ɗorawa nake. Ta kusa gamawa."

Nan Aina'u ta ɓalle. Daga bakin ƙofa take magana, jaka a kafaɗa. Ta ce ya kyauta. Ta ce ya jira ta fita ya lallaɓo kamar ɓarawo. Ta ce shekara da shekaru tana tsaye a layi, ƙafafunta na kumbura, sau ɗaya Allah Ya buɗe mata ƙofa shi ne ya ga babu abin da ya fi dacewa sai ya rufe ta saboda ya buga ƙwallo da Habila. Ta ce wasan satarsa ne ya kashe kwamfutar tun farko, bai ishe shi ba. Ta ce wayarsa ma don kar ta same shi ya bar ta a kashe. Ta faɗi wasu maganganun da ba ta san tana riƙe da su ba, har da na shekarar da suka tare.

Bai katse ta ba. Kansa a ƙasa har ta rasa abin faɗa.

"Kin gama?"

Ya nuna mata fuskar kwamfutar.

"Zagayo ki gani."

Ta zagayo, don ta ga iyakar ɓarnar. A tsakiyar fuskar wani layi ne ke cika a hankali. A samansa koren tambarin Mint.

Ta kalle shi. Ta sake kallon fuskar.

"Taki ce," in ji shi. "Ita nake ɗorawa."

Ƙafarta ta bugi wani abu a ƙarƙashin tebur. Buhu ne, bakinsa a buɗe. Takalman robarsa na aiki, kofinsa na silba, dardumar sallar da ke zama a lokarsa ta kamfani, har da ɗan madubin da yake aske gemu da shi. Warin fata na tashi daga ciki.

"Me ya kawo kayan lokarka gida?"

Ya shafa ƙeya. Ya kalli ƙofa kamar mai neman wanda zai amsa a madadinsa.

"Abban Nafisa. Me ya kawo su?"

"An rufe ɓangarenmu."

Sai ya faɗa mata, a hankali, idonsa a kan buhun. Tun farkon wata aka tara su aka ce odar fata ta ja baya, gangunan da ake jima fata a ciki za su tsaya, ba a san ranar tashinsu ba. Ya yi ta cewa gobe zai gaya mata, goben ta ƙi zuwa. Yau ko azahar ba a yi ba aka ce kowa ya kwashe nasa. Shi da Habila sun daɗe suna shawarar buɗe ɗan shagon wasanni a bakin kasuwa, kwamfutar Habila da wannan, yaran unguwa su riƙa zuwa suna bugawa. Shi ya sa ya nace a kan wadda ba ta lalacewa ko an yi ta dannawa. Yaran da yake nufi ke nan.

"Ba wasa nake nema ba, Aina'u. Abin yi nake nema."

Ta zauna a hannun kujera. Jakar ta zame ta faɗi.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kina zane har ki manta da abinci a wuta. Na ce in na faɗa, hannunki zai yi rawa."

"Shi ne ka bar ni ina ce maka mai wasan yara."

"Ai da gemu kika ce. Gemun ne ya fi min ciwo."

Dariya ta kufce mata tare da hawaye, ta goge da bayan hannu. Ya ce a kan babur ya yi tunanin. Shagonsa ko ɗaki bai samu ba, magana ce kawai a bakin mai shayi. Kujerarta kuwa gobe ce. Gidan nan yanzu a kan wannan kujera zai tsaya. Ya ce ya so ta dawo da dare ta tarar an gama, tata ce, ba sauran gwaji.

"Ba gobe ba ce," ta ce. "Yau ce. Madam na jira."

Kafin ya tambaya layin ya cika. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar fuska da maɓallai biyu, Continue Testing na ci gaba da gwaji a hagu, Restart Now na sake tayarwa a dama.

"Alhamdulillahi," in ji Labaran, ya kai hannu.

Ta kaɗe hannun da ƙarfin da sai da maus ya faɗo yana lilo a jikin igiyarsa.

Ta kama maus ɗin, ta riƙe da hannu biyu, tana haki tana dariya. Ta ce da ya san abin da ya kusa yi. Ta kwashe bayanin Daniel ta faɗa masa, yadda duk abin da ta ajiye yake rataye, yadda kashewa ɗaya za ta share shi, yadda ta ratsa kwata a Sharada, yadda tsohon mai adaidaita ya kusa sa ta hauka. Ta ce da ta ƙara jinkiri kaɗan da shi ke nan. Tana magana tana laluben waya a jaka, ba ta lura ba cewa Labaran ya daina motsi.

Daniel ya ɗauka tun ƙarar farko. Ta sa shi a lasifika ta karanta masa abin da ke rubuce. Ya ce Allah Ya taimake ta, ɗorawa ba ta taɓa abin da ke ƙwaƙwalwa sai an sake tayarwa. Ta danna na hagu. Na hagu, Anti, ki duba da kyau.

Ta danna na hagu. Akwatin ya ɓace.

Ya ce yanzu ta soka filashin da ya ba ta, ta ja zanen ta jefa a ciki.

Ta soka. Ta kai maus kusurwar dama ta sama, inda ta bar shi da safe.

Babu komai a wurin.

Ta duba hagu. Ta duba ƙasa. Ta ce wa Daniel wataƙila ya koma wata jaka. Ya ce ta buɗe jakar takardu. Fayau. Jakar hotuna. Fayau. Ya ce ta rubuta sunansa a wurin nema. Ta rubuta tsamiya, ta yi kuskure, ta goge, ta sake rubutawa. Kwamfutar ta ce ba ta ga komai ba.

"Buɗe manhajar zanen, zai nuna miki aikin ƙarshe."

Ta shiga jerin manhajoji. Ta gangara har ƙasa, ta hauro.

"Daniel, ita ma ba ta nan."

Ta cikin wayar tana jin ƙarar injinan Sharada.

"Anti, wa ya taɓa kwamfutar nan kafin ki iso?"

"Babu wanda ya kashe ta. A kunne na same ta. Ga shi a gabana, ɗorawa kawai ya yi."

"Aina'u."

Muryar Labaran ce, amma kamar daga wani ɗaki take fitowa.

"Wannan ɗorawa ta biyu ce."

Ta juyo.

Ya ce da ya shigo ya kunna fuskar ya ga zanen. Ya buɗe shi ya daɗe yana kallo, bai san ta iya haka ba. Ya ga sunansa a rubuce, ya ce to, a ajiye yake. Ya rufe ya fara ɗorawa. Ta yi nisa sai ta daskare, maus ya ƙi motsi, ya jira har ya yi sallah ya dawo tana nan yadda take.

"A wurin aiki in ganga ta cije ba ma jayayya da ita. Babban makunni ake saukewa, a sake tayarwa."

"Ka kashe ta."

"Daga bango."

Daniel ya ce wani abu a hankali da yarensu. Aina'u ta ɗaga wayar kusa da baki ta tambaye shi ko akwai wata hanya, kowace iri ce, ko a kai ta kasuwar waya ta Farm Centre, ko a buɗe cikinta. Ya ce ta yi haƙuri. Abin da ba a taɓa rubutawa a faifai ba babu inda za a tono shi.

Ta ajiye wayar a tebur ba ta kashe ba.

Labaran ya durƙusa a gaban buhunsa kamar zai nemi wani abu a ciki, ya fasa. Ya ce ta zage shi. Ya ce ta faɗi duk abin da ta faɗa ɗazu, yanzu ya cancanta. Ba ta ko kalle shi ba. Ta shige ɗaki, ya ji tana jan akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da guntayen kwalin da ta fara zanen a kansu da biro, ta baje su a tebur. Aikin da ta fara tun shekaranjiya ne. Ta kalli agogon bango, ta kalli kwalayen, ta sake kallon agogon.

"Kunna wayarka ka ba ni data," ta ce. "Manhajar zan sake saukewa."

Ya zaro wayar ya kunna. Saƙonta ne ya fara shigowa. Ya karanta, ya kife ta a cinya.

"Anti," in ji Daniel daga tebur, "in za ki sake, ki fara tayar da ita tukuna, ki shiga wadda aka ɗora. Kar ki kuma yin aiki a ta gwaji. Kuma ki kira Madam yanzu, tun kafin ta..."

Ƙarar wani kiran ta katse shi. Sunan ya fito a fuskar wayar, yana haske yana ɗaukewa.

Labaran ya kalli sunan, ya kalli matarsa.

Ta bar shi ya yi ƙara har ya kusa yankewa, sannan ta ɗauka.

"Madam."

"Aina'u, na ga ɓata lokaci ne ki dawo Sharada sannan mu kama hanyar Bompai. Na karɓi kwatancen gidanku a ofis." Ana jin ƙarar sigina a bayan muryarta. "Masu bugawa sun ce namu za su fara sawa, sun tsayar da injin suna jiranmu. Ga ni na shigo layinku. Ƙofa mai ruwan toka ce, wadda babur ke jingine?"

A waje, mota ta yi oda sau biyu.

"Fito da shi mu tafi."